Ba Kowane Zafin Fitsari Ne Sanyi Ba

Duk wanda ya saba tsayawa gaban masu kemis a kewayen Kasuwar Sabon Gari ta Kano ya san wani irin mai saye. Mai neman maganin zazzaɓi tun daga bakin ƙofa yake ɗaga murya. Shi kuwa wannan sai ya jira layi ya ragu, ya jingina da kanta, ya sassauta murya: "Malam, a taimaka da na sanyi. Fitsari ke min zafi." Kafin ya rufe baki an miƙo kati biyu cikin baƙar leda. Tun 2024 aka tilasta wa manyan dilolin magani na Sabon Gari da yankin Malam Kato komawa Dangwauro, amma wannan gajeren ciniki yana nan yadda yake a ƙananan shaguna.

Abin da ke damuna shi ne tambayar da ba a cika yi ba: "Alhaji, akwai wani magani da kake sha?" A wurinmu zafin fitsari sanyi ne, jini a fitsari kuma tsargiya ce. Sau da yawa haka ne. Amma akwai mafitsarar da magani ne ya ƙona ta.

Cyclophosphamide, wanda ake bai wa masu ciwon daji, idan ya isa hanta yakan rikiɗe ya fitar da wani sinadari mai suna acrolein. Ƙoda ta tace shi, ya gangara mafitsara ya kwanta, ya riƙa cin fatar cikinta kamar yadda ruwan batir ke cin tufa. Daga nan sai zafi, da yawan zagayawa, wani lokaci har da gudan jini. Shi ya sa likitoci ke haɗa shi da ƙarin ruwa mai yawa da wani magani mai suna mesna. Haka ma ketamine, allurar da ake sa wa mutum kafin tiyata: tun 2007 likitoci a Kanada da Hong Kong suka bayyana yadda take tsuke mafitsarar matasan da suka mai da ita kayan maye. Irin wannan ciwo ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba, don haka ko kwali guda na kafso mutum ya shanye, rauni yana nan.

Masana na neman hanyar da fatar da ta lalace za ta sake tofowa, kuma mafi yawan aikin a jikin ɓeraye ake yin sa. Sukan sa wa ɓera ɗaya daga waɗannan magunguna masu ƙona mafitsara har mafitsararsa ta kumbura, sannan su yi masa allurar ƙwayoyin halitta na tushe, waɗanda aka samo daga ɓargo ko kitse ko jinin cibiya. A Koriya ta Kudu, a 2016, an gwada na jinin cibiya a kan ɓerayen da ketamine ta lahanta. Tabo ya ragu, yawan fitsarin ma ya lafa. Wannan abin farin ciki ne, ina kuma fatan Allah ya kai mu ranar da zai amfani mutane. Amma tsakanin kejin ɓera da gadon asibiti akwai tafiya mai nisa, kuma garin da ake tallatawa a 'yan fakiti da sunan waɗannan ƙwayoyin halitta ba shi ne abin da ake gwadawa ba.

Abin da ke hannunmu yau ba ya cin ko sisi. Mai kemis ya yi tambaya kafin ya ɗauko leda. Mai ciwo ya cire kunya ya faɗi abin da yake sha, halal ne ko akasin haka. In kuwa aka ga jini, to magana ta wuce kanta: a nufi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a yi gwajin fitsari, a kuma tafi da kwalayen duk magungunan da ake sha likita ya gani da idonsa.