Daren Da Na'urar Tafinta Ta Kasa

Ran nan da dare, bayan mun rufe shafin ƙarshe na jarida, na koma gida a gajiye, barci kuwa ya ƙi zuwa. Sai na kunna wani tsohon wasan talabijin na Amurka mai suna Star Trek: The Next Generation, wanda aka riƙa nunawa daga 1987 zuwa 1994. Kashin da na faɗa a kai sunansa Darmok, shi ne na biyu a zango na biyar. An fara nuna shi a watan Satumba na 1991, watau sa'ad da nake goye a bayan mahaifiyata.

Ga yadda labarin yake. Kumbon Enterprise, wanda Kyaftin Picard ke shugabanta, ya gamu da kumbon wasu halittu da ake kira Tamariyawa a kusa da wata duniya mai suna El-Adrel. Mutanen Enterprise suna da na'urar tafinta wadda ke juya musu kowane harshe, amma a wannan karo ta kasa. Tana fassara kalmomin daidai, ɗaya bayan ɗaya, sai dai ba wanda ya san inda maganar ta dosa, domin baƙin ba su faɗin kome sai sunan wani mutum da sunan wani wuri.

Da shugabansu Dathon ya ga an kasa fahimtar juna, sai ya sa aka ɗauke shi tare da Picard zuwa cikin duniyar nan, mutanensa kuma suka toshe hanyar dawo da su. Ya miƙa wa Picard wuƙa, shi kuwa ya ƙi karɓa, yana zaton faɗa ake nema. Dare ya yi, sanyi ya sauko, Picard ya kasa hura wuta, Dathon ya jefo masa bakin wuta daga tasa. Kashegari wani dodo da ido ba ya kama shi sosai ya far musu. A nan ne Picard ya gane cewa mutanen nan da misalai daga tatsuniyoyinsu suke magana. Darmok da Jalad baƙin juna ne da suka haɗu a tsibirin Tanagra, suka yaƙi dodo tare, suka bar wurin suna aminai. Ashe abin da Dathon ke so ya faru tsakaninsu ke nan.

Dodon ya yi wa Dathon mummunan rauni. Yana kwance a bakin wuta, Picard ya ba shi labarin Gilgamesh da amininsa Enkidu na birnin Uruk, har rai ya yi halinsa. Da Picard ya koma kumbo, da 'yan misalan da ya koya ya hana yaƙi tsakanin ɓangarorin biyu.

Patrick Stewart, ɗan wasan Ingila da ya fito a Picard, ya yi ƙoƙari, amma a ganina marigayi Paul Winfield, wanda ya fito a Dathon, shi ya ɗauki wasan a ka. An lulluɓe fuskarsa da roba, maganarsa ba mai ganewa, duk da haka da ido da murya kaɗai ya nuna takaicin mutumin da ake ji amma ba a fahimta. Wasan bai rasa aibi ba. Dodon ya tsufa ƙwarai a idon mai kallo na yau. Sa'an nan marubucin, Joe Menosky, bai gaya mana yadda masu irin wannan harshe suka ƙera kumbo ba, ko da wane harshe uwa ke fara koya wa ɗanta tatsuniyar.

To, mai karatu, abin da ya hana ni barci bayan na kashe akwatin dabam ne. Watanni kaɗan kafin nan mahaifiyata ta zo mana Legas daga gida. Wata rana 'yata mai shekara 6 ta ɓoye ƙosai a bayanta tana cewa ba ta ɗauka ba. Hajiya ta yi dariya ta ce, "Kishiyata, wannan wayon Gizo fa?" Yarinyar ta dube ni ta ce, "Baba, wane ne Gizo? A gidanmu yake?" Muka yi dariya, amma Hajiya ta yi shiru, ni ma daga baya na ji kunya ta rufe ni. Yarinyar tana jin Hausa sarai, ta san kowace kalma da kakarta ta faɗa, labarin ne ba ta sani ba, kuma ba wanda ya hana ta shi sai ni.

Mu ma Tamariyawa ne ba mu sani ba. In Bahaushe ya ce Bayajidda a bakin Kusugu, wanda ya san Daura ya gama ganewa, wanda bai sani ba kuwa ko ƙamus goma ya buɗe ba zai amfana ba. Kullum a ofis muna juya labarai daga Turanci, yanzu ma har kwamfuta tana taya mu, amma sau nawa muke kawo kalmomin mu bar ma'anar a hanya?

Dathon ya ba da ransa domin baƙo ya san tatsuniyar mutanensa. Ni ba a nemi raina ba, rabin sa'a kawai ake nema bayan cin tuwon dare. Tun daga makon nan na fara. Mun gama Gizo da Ƙoƙi, jiya kuwa ita da kanta ta buga wa Hajiya waya ta ce a ba ta labarin macijin rijiya. Iyaye, musamman mu mazauna kudu, ina ganin lokaci bai ƙure mana ba tukuna.