Lanƙwasa Ba Datti Ba Ce

Duk wanda ya ɗora zanen hannu a kan sikana, tilas ya yanke hukunci guda: cikin abin da ke kan takardar, wanne ne zane, wanne ne datti? Ba a aji na gane nauyin wannan hukunci ba. Na gane shi ne a Dakoro, lokacin da nake taya wani ƙanena mayar da labaransa na zane cikin kwamfuta.

Da biro yake zane, a takardar littafin makaranta mai layi-layi. Nakan ɗauki hoton shafi a ma'aunin ɗigo 600 cikin inci ɗaya, in buɗe shi a manhajar GIMP. Daga nan sai a kawar da layukan takarda, a ƙara wa tawada duhu, a share ƙurar da hunturu ya bari. Launi kuwa shimfiɗarsa daban ce, ƙarƙashin layin zane, don kada ya taɓa hannun mai shi.

Wajen sharar ne harshe ke shiga hatsari. Manhaja ba ta jin Hausa. Girma da duhu kaɗai take aunawa. Lanƙwasar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ƙarama ce, sau da yawa biro kan rage ƙarfi a kanta, sai a tafi da ita tare da ƙura. Nan take baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, wanda ya ce "ya ɓata" ya koma cewa "ya bata". Idan aka ce a sake buga maganar da kwamfuta, yawancin salon haruffan da aka tsara don labaran zane ba su da waɗannan baƙaƙe, ko da yake Unicode ya ba kowannensu gurbi. Ga kuma ƴ, wadda dokar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tabbatar, alhali a Nijeriya 'y ake rubutawa.

Akwai sharar da ta fi wannan ɓarna, kuma mu ɗaliban harshe muka fi kusa da aikata ta. Tsohuwar da ke cikin labarin ƙanena "shina tahiya" take cewa, "hwaɗi" take cewa. Hannun da ya saba da daidaitacciyar Hausa yakan yi ƙaiƙayin mayar da su "yana tafiya" da "faɗi". In an yi haka, shafi ya yi tsaf, amma tsohuwar ta tashi daga Dakoro ta koma Kano.

Saboda haka na kafa wa kaina ƙa'ida: kafin in taɓa komai, nakan adana hoton farko yadda ya fito, da dattinsa. Wuraren magana kuma da hannu nake share su, ɗigo bayan ɗigo, da asalin takardar a gabana. Aikin yana cin lokaci. Amma takardar biro ba ta daɗewa a hannun gara da damina, kuma wata rana hoton nan ne kaɗai shaidar yadda aka yi magana a garinmu.