A Dawo Mana Da Tarihinmu Gida

Aikin rediyo ya nuna mini cewa babu zancen da ke jawo kiran waya kamar zancen tarihi. Da ka ambaci ganuwar Naa Jeringa a nan Nalerigu, ko kabarin Babatu a Yendi, ko rijiyoyin Salaga, sai masu sauraro su yi ca. Tambayar da suka fi yi ita ce, a wane littafi za su karanta wannan? A nan bakina ke yin nauyi. Littattafan suna nan, sai dai ba inda hannun mai tambayar zai kai ba.

Dubi Malam Abu, wanda ya rubuta labarin Samori da Babatu da Hausar ajami a ƙasar nan. Wani masani ɗan ƙasar Polan, Stanislaw Pilaszewicz, shi ya buga shi tare da fassarar Turanci a birnin Warso a 1992. Dubi Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan basasar 1892, ya rasu a can a 1934. Rubuce-rubucensa na zube a Jamus aka buga su a 2000. Littafin Paul Lovejoy kan fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja ya fito a Zariya a 1980, amma da Turanci. Kakanninmu suka ba da labarin da bakinsu da alƙalaminsu, jikokinsu kuwa sai sun sami izinin shiga laburaren jami'a kafin su gan shi.

Ba na ganin laifin masanan. Ba don su ba da gara ta cinye takardun. Kuma malamin jami'a don 'yan'uwansa malamai yake rubutu, domin ta nan ake auna shi a ƙara masa girma. Abin da nake roƙo shi ne littafi na biyu, ƙanin na farko, wanda tela da direba da ɗalibar sakandare za su iya gamawa.

An taɓa yi. Farfesa Adu Boahen ya fitar da Topics in West African History a 1966, ɗalibai suka yi shekaru suna karanta shi, bai kuma rage masa daraja ba. A 1967 Jack Goody na Kambirij ya haɗa hannu da J. A. Braimah, ɗan sarautar Gwanja, suka fitar da littafi kan rikicin sarautar Salaga. Ilimin makaranta ya haɗu da sanin gida.

Idan masani ya nemi shawarata, zan ce ya fara da tambaya ɗaya tak. Me ya watsa kasuwar Salaga? Me ya faru a Adibo a 1896, ranar da mayaƙan Dagomba suka tari Jamusawa? Sannan ya bi mutum guda, madugu ko malami ko baiwa, domin mutum ake tunawa, ba jerin shekaru ba. Ya karanta kowane babi da ƙarfi a gaban wanda bai yi boko mai zurfi ba. Duk inda mai sauraro ya ɗauke kai, wurin yana son gyara. Mu haka muke gwada labarai kafin mu hau iska. Hujjojinsa ya tara su a ƙarshe, kada su tare wa mai karatu hanya, amma kada ya zubar da su. Inda mazan jiya suka saɓa, ya kawo kowace ruwaya, ya faɗi wanda ya ba da ita.

Sauran aikin na kasuwa ne. Littafin ya zama siriri, kuɗinsa kada ya fi ƙarfin ɗalibi. A yi shi da Hausa, a kuma yi da Mampruli ko Dagbani ko Gwanjanci, domin Hausa harshen zango da kasuwa ce, ba ita kaɗai ke ƙasar ba. Tun wajen sa hannu da kamfanin ɗab'i na waje, ya riƙe haƙƙin fassara da na murya. A kai shi wurin masu baza littattafai a bakin masallaci da tasha, a naɗi karatunsa don rediyo da WhatsApp.

Wannan ba maganar nishaɗi ba ce. Mun ga abin da gardamar Abudu da Andani ta jawo a Yendi a 2002, muna kuma ganin halin da Bawku ke ciki. A irin waɗannan rikice-rikice kowane ɓangare da tarihi yake kafa hujja. Idan wanda ya karanci takardun ya yi shiru, mai ƙaramin sani da babbar murya ne zai koyar da yaranmu. Littafi ba zai kashe wuta shi kaɗai ba, amma yaron da ya san cewa labari yana da ruwaya fiye da ɗaya, da wuya a zuga shi da guda.