Kyanwar Gwaggo a Zangon Lome

Saƙon da ya kai ni Lome na gado ne. Za a raba gidan kakanmu da ke Fagge, ba kuma a raba shi sai Gwaggo ta dangwala yatsa a takarda. Ita kuwa shekara 50 da ɗoriya ke nan da aka kai ta aure Togo, yanzu ƙafa ta ƙi, doguwar tafiya ta gagare ta. Aka duba cikin 'ya'yan 'yan'uwanta, aka ga ni ne ba ni da shagon da zan rufe. Na kwana a mota daga Kano zuwa Legas, na bi ta Seme, na ratsa Kwatano, da la'asar muna Hilakonji, bakin iyakar Benin da Togo, inda direba ya ce kowa ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya. Daga nan zuwa Lome kimanin kilomita 50 ne, teku na hannun hagu, itatuwan kwakwa na ta gudu a tagar mota. Ɗan tudu irina, wannan kaɗai ya ishe shi kallo.

Da na ce wa mai babur, wanda a can ake kira zemijan, ya kai ni Zango, sai ya tambaye ni wanne. Ashe biyu ne. Tsohon yana tsakiyar gari, inda fataken goro da na shanu suka zauna tun zamanin Jamus, waɗanda suka mayar da Lome babban birni a 1897. A 1977 gwamnatin Eyadema ta tashi unguwar, aka kwashe mutanenta zuwa Togblekope, wajen kilomita 15 arewa da gari, a kan babbar hanyar da ta miƙe har iyakar Burkina Faso. Wani Bafaranshe mai binciken al'umma, Michel Agier, ya zauna cikinsu a waɗannan shekarun, ya fitar da littafi a kan masu gida da fataken Zangon a 1983. Gwaggo ba ta san da littafin ba, amma ta san a kanta ta ɗauko turminta ran da aka tashe su, da goyo a bayanta.

Na same ta a tsakar gida kan tabarma, ta miƙe ƙafa, wata kyanwa mai ruwan toka na kwance a cinyarta. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta kiran sunana.

"Babana, ka sha hanya. Ya mutanen Kano?"

Muka gaisa, muka yi ta'aziyyar waɗanda suka rigaya, aka kawo ayimolu, wanda shinkafa da wake ce ta sauya suna. Ban gama ci ba ta kamo hannuna ta ɗora a ƙasan cikin kyanwar. "Ka yi boko. Taɓa nan ka gaya mini."

Ƙullutu ne a jikin nono na ƙarshe, kusa da cinya. Tauri gare shi, ba zafi, kuma bai gudu a ƙarƙashin yatsa ba, ya kama naman da ke ƙasansa. Kyanwar ko motsi ba ta yi ba. Gashin wurin ya cuɗe da maiƙo, yana warin tafarnuwa. Matar falken goro ce Gwaggo, da abin da ta sani take awo: da azumi, in ji ta, kamar ƙwayar wake yake, da babbar salla ya kai gurjiya, yanzu ga shi ya zama ɗan ƙaramin goro.

A kwana biyun farko na fahimci babu wanda ba likita ba ne a wannan layi. Wata maƙwabciya Bakotokola ta kawo man kaɗanya da aka kwaɓa da tafarnuwa. Ladanin masallacin bayan gida ya yi tofi a man habbatus sauda. An dafa ganyen darbejiya an wanke wurin, an shafa zuma, an gwada jar kanwa sau ɗaya, kyanwar ta yi kuka ta ɓuya kwana guda a bayan randa, aka bari. Wanzamin unguwa ya ce a ba shi ita ya yi mata sakiya, mugunyar ta fita a huta, Gwaggo ta hana. Mafi ƙarfin murya shi ne wani dattijo mai sayar da cicinga, wato tsire, a bakin titi, domin shi yana da shaida. Bara muzurunsa ya dawo da kumburi a kunci kamar ƙwai, ya gasa masa da tsumma da ruwan ɗumi, ya shafa man kaɗanya, kwana uku abin ya fashe, mako biyu ya warke. "Da idona na gani, Alhaji," in ji shi. Ban yi aikin hajji ba, amma a Zango duk baƙon Kano mai babbar riga Alhaji ne.

Ban ƙaryata shi ba, don gaskiya ya faɗa. Sai dai abin da ya sami muzurunsa daban, na kyanwar Gwaggo daban. Muzuru ɗan faɗa ne, haƙorin ɗan'uwansa kamar allura yake, ya huda fata ya bar ƙwayoyin cuta a ciki, bakin ramin ya rufe. Bayan 'yan kwanaki wurin ya kumbura, ya yi laushi, ya yi zafi, dabbar ta ƙi abinci, in ka taɓa ta kai maka yakushi. Wannan ƙurji ne, mugunya ce ta taru, gashi da ruwan ɗumi kan taimaka ya nuna ya fashe. Abin da ya yi wata biyar yana girma a hankali, ba zafi, ba laushi, a jikin nonon tsohuwar kyanwar da ta haihu ba adadi, wannan ƙari ne, ba abin da zai fito daga cikinsa ko an shekara ana gashi. Ana magani kai na kaba.

Abin da ya tayar mini da hankali ya faru a dare na uku. Jikar Gwaggo, wata yarinya mai karatu a jami'ar Lome, wadda Hausarta ta sha ruwan teku har takan ce wa kyanwar "shi", ta fito da rabin ƙwayar farasitamol tana murƙushewa a cokali, wai don rage mata ciwo. Na karɓe cokalin. Wannan ɗaya ne daga 'yan abubuwan da na tabbatar da su game da kyanwa: hantarta ba ta iya sarrafa farasitamol kamar tamu, ƙwaya ɗaya ta babban mutum ta isa ta kashe ta. Jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura. Tafarnuwa da albasa ma guba ne gare ta, suna fasa jajayen ƙwayoyin jini. Dettol kuwa, da muke ɗauka wankin komai ne, shi ma bai dace da ita ba. Kuma ga abin da kowa ke mantawa: kyanwa da harshe take wanka. Duk abin da ka shafa mata a fata, ka ɗauka ka ba ta a baki. Wata biyu ke nan tana lasar tafarnuwa safe da yamma.

Da safe na ce wa Gwaggo mu kai ta wurin likitan dabbobi. Ta yi shiru tana ɓare goro. Can ta ce, "In daji ne fa? Daji ba ya son ƙarfe. Ka taɓa shi da allura ko wuƙa, ka tsokano shi."

Wannan magana na ji ta a Kano sau ba iyaka, ban zaci ta ƙetare iyaka biyu ta rigaye ni zuwa Togo ba. Amma Gwaggo ba jita-jita take maimaitawa ba. Abokiyar zamanta, wadda suka yi shekara 30 suna raba girki, ƙari ya fito mata a nono. Shekara biyu ana jiƙo da shafe-shafe, sai da ya fashe yana wari aka kai ta asibiti, aka yi aiki, wata huɗu ta rasu. Zango ya yanke hukunci cewa wuƙa ce ta kashe ta. Ba wanda ya lissafa shekara biyun. Haka wannan imani yake ciyar da kansa: tsoron ƙarfe ya sa a makara, makara ta sa aiki ya kasa, kasawar ta ƙara wa na baya tsoro. Ban iya faɗa mata haka kai tsaye ba, ba a yi wa babba gyara a kan mamacinsa. Na dai ce, "Gwaggo, a je a duba kawai. In ba ki yarda ba, ba mai taɓa ta."

Abin da ya karya ta a ƙarshe ba hujjata ba ce. Ladanin nan ne, da ya zo karɓar kokonsa, ya tuna mata hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, ya ce dabbar da ke hannunka amana ce, tofi kuma bai hana neman magani ba. Ya ƙara da cewa man habbatus saudarsa ya ƙare.

Muka sa kyanwar a kwandon kaji, muka rufe da zane, jikar ta rungume shi, muka ɗauki tasi zuwa cikin gari. Likitan matashi ne, ya yi karatu a makarantar likitancin dabbobi ta Dakar, wadda ƙasashe da dama na rainon Faransa suka haɗu a kanta tun 1968. Da Faransanci yake magana, jikar na fassarawa. Ya shafa nonuwan guda takwas ɗaya bayan ɗaya, ya lalubi hammata da matsematsi yana neman kaluluwa, ya saurari ƙirji, sannan ya ɗauko ɗan ma'auni ya gwada ƙullutun. Santimita 3 ba kaɗan.

Ya ce a cikin ƙari 10 da ke fitowa a nonon kyanwa, 8 ko 9 mugun daji ne, abin ya fi na karya muni. Ya ce girman ƙarin shi ne kusan komai: in an cire shi bai kai santimita 2 ba, kyanwa kan yi shekara 3 ko fiye, in ya wuce 3 da yawa ba sa cika shekara, don ya riga ya aika saƙo zuwa huhu. Na ga Gwaggo tana lissafi da yatsu. Wake, gurjiya, goro. Ya tambaya ko an taɓa yi mata allurar hana haihuwa, don irin wannan allura tana jawo kumburin nono da ƙari. Ba a taɓa ba. Ya ce da an cire mata mahaifa da ƙwan haihuwa kafin ta cika wata 6, da haɗarin ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Gwaggo ta ce wa jikar, "Gaya masa a lokacin ko idonta bai gama buɗewa ba na tsince ta a kwata." Da maganar ƙarfe ta taso bai yi dariya ba. Ya ce, "Maman, wuƙa ba ta shuka abin da babu. Tana dai zuwa ta tarar."

Gwaggo ta yarda a yi aikin. Kuɗinsa ya kai na ɗan akuya. Na ce zan biya, ta ce a'a, ta kwance bakin zane ta ƙirga sefa, ta ce in cire nawa hannun daga cikin ladanta.

Da yake sai da yamma za mu karɓi kyanwar, jikar ta zaga da ni gari. Muka shiga Asigame, babbar kasuwar da matan nan masu atamfa da ake kira Nana Benz suka yi suna a cikinta. Muka je bakin iyakar Aflawo, inda Lome ta ƙare Gana ta fara ba ko tazarar gona a tsakani. Daga nan ta kai ni Akodesewa, kasuwar kayan tsafi, inda ake shanya kawunan birai da karnuka da mujiya da hawainiya a kan tebura, warin busasshiyar fata ya cika wuri. A can ma magani ake sayarwa, na kowace cuta. A ƙarshen wani tebur na ga kawunan kyanwoyi a jere, haƙora a waje. Ban ba Gwaggo wannan labarin ba.

Aka sallamo mana ita da ɗinki tun daga ƙirji har cinya, don layin nonon gefe ɗaya likitan ya cire gaba ɗaya, ba ƙullutun kaɗai ba. Ya ba da maganin ciwo irin na kyanwa, da awonsa, ya ce kada a shafa komai a kan ɗinkin, in ya ɓaci a goge gefensa da dafaffen ruwa mai ɗan gishiri. Ya kuma ce kowane mako a shafa ɗaya gefen, in aka ji ko da kamar ƙwayar gero ne a dawo, don abin yana iya komowa. Don kada ta lashe zaren, jikar ta yanke hannun wata tsohuwar rigar sanyi, ta huda ramuka huɗu, ta zura mata. Kyanwar ta yi taku biyu ta faɗi a gefe don fushi.

Maganin gida bai ƙare ba, ya dai sauya aiki. Gwaggo na dafa mata kifi ba gishiri ba albasa, tana ɗumama shi don ƙamshi ya ja ta. An shimfiɗa mata tsumma a lungun da yara ba sa zuwa. Mai cicinga ya leƙo, ya duba ɗinkin, ya ce da an bar masa ita kwana uku da ba a kai ga haka ba, sannan ya ajiye 'yar hanta a takarda, wadda bai barbaɗa wa yaji ba.

Sai a rana ta takwas na tuna da takardar gado. Gwaggo ta dangwala yatsa ba tare da ta tambayi nawa ne rabonta ba. Da asuba na kama hanya. Muna layi a Hilakonji, ina ƙara wa agogo awar da na ara, saƙon murya ya shigo wayata. Jikar ce, tana dariya, ta ce "shi" ya tuɓe rigar cikin dare ya kamo tsaka. A bayanta ina jin muryar Gwaggo tana cewa a tambayi Babana, man kaɗanya zalla, wanda ba tafarnuwa, in a gefen ɗinkin ne kawai, shi ma an hana?