Rariyar kunne: abin da Sifaniyanci ya koya mini game da bakin ɗiyanmu

Akwai wata magana da na sha ji a bakin iyaye, musamman ma'aikata mazauna birni: wai Hausa ce ke ɓata wa yaro baki, shi ya sa ba ya iya furta Faransanci daidai. Wasu har sun hana a yi Hausa da yaro a gida. A lekol kuma, yaron da ya ce "faire" inda ake son "père", ko ya ce belo a wurin "vélo", dariya ce rabonsa, wani lokaci har da mushe a cikin masu dariyar. Ni malamin harshe ne, kuma ina da ja a kan wannan magana. Hujjata daga nesa na ɗauko ta, daga ajin ilimin furucin Sifaniyanci, wanda muka fi sani da Espanyol, a jami'ar Salamanka ta ƙasar Sifaniya, inda na je ƙaro karatu.

Jami'a ce tsohuwa, tun 1218 aka kafa ta, kuma a wannan gari ne aka buga littafin nahawun Sifaniyanci na farko, na Antonio de Nebrija, a 1492. A ajinmu na baƙi akwai Faransawa, Amurkawa, ƴan Sin da ƴan Maroko. Ni kaɗai ne Bahaushe.

Darasin furuci a jami'a ya sha bamban da "ku maimaita bayana" da muka saba. Aiki uku ake ba ɗalibi. Na farko, ya san yadda ake samar da kowane sauti: ina harshe yake taɓawa, yaya iska take fita, maƙogwaro yana kaɗawa ko ba ya kaɗawa. Na biyu, ya iya rubuta abin da kunnensa ya ji da haruffan furuci na duniya, waɗanda wata ƙungiyar malaman harsuna da aka kafa a Paris a 1886 ta tsara. A cikin jadawalin haruffan nan na tarar da ɓ da ɗ namu zaune daram, kuma ni aka riƙa sawa in furta wa ƴan aji su, don babu wanda ya iya. Na uku, ya ɗauki muryarsa ya duba hotonta a kwamfuta da manhajar Praat, wadda malamai biyu na jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, kuma kyauta ake samun ta. Littafin da ake yawan komawa gare shi kuwa shi ne na Tomás Navarro Tomás kan furucin Sifaniyanci, wanda ya fito tun 1918.

Sashen farkon nan bai zame mini baƙo ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya ji ana maganar mafitar haruffa: wannan daga maƙogwaro, wannan daga tsakanin haƙora, wannan daga leɓɓa. Tun ƙarni na 8 Halilu ɗan Ahmad ya jera haruffan ƙamusunsa na Larabci bisa wurin fitarsu a baki. Ashe abin da na ƙetare hamada da teku don in koya, an fara ɗora mini harsashinsa a kan buzu.

Tun a makonnin farko malamarmu ta kawo mana wani misali na masanin harshe ɗan Rasha, Nikolai Trubetzkoy, daga littafinsa na 1939. A ganinsa harshen uwa kamar rariya yake a kunnen mutum. Duk sautin baƙon harshe sai ya bi ta cikinta. Wanda ya dace da ramukanta ya wuce lafiya, wanda bai dace ba kunne ya musanya shi da mafi kusa da shi a harshen gida. Ke nan yaron da ya ce "faire" a wurin "père" ba taurin kai yake ba, ba kuma daƙiƙanci ba ne. A kunnensa kalmomin biyu abu guda ne, don Hausa ba ta raba ma'ana da p da f. Kowa a ajinmu da irin rariyarsa, kuma da aka fara gwaji sai ta bayyana cewa tawa ta fi ta yawancinsu dacewa da Sifaniyanci.

Mu fara da wasula. Sifaniyanci biyar gare shi, a, e, i, o, u, daidai da na Hausa. Faransawa sun yi ta fama da shigar da wasali hanci. Amurkawa sukan ja "no" ta koma "nou". Ƴan Maroko kuwa "mesa" (tebur) da "misa" (addu'ar coci) sukan gauraye musu. Ni abu ɗaya aka ce in kiyaye, wato jan wasali. Mu da tsawon wasali muke raba gari na zama da garin tuwo, su kuwa ba su da wannan bambanci.

Sai harafin r, wanda shi ne dodon baƙi. Sifaniyanci r biyu gare shi. Ɗaya bugu guda ne na kan harshe a bayan haƙoran sama, ɗaya kuma kaɗawa ce, bugu biyu, uku ko fiye. Da su ake raba "pero" (amma) da "perro" (kare), da "caro" (mai tsada) da "carro" (amalanke). Bafaranshe daga maƙogwaro yake fitar da r ɗinsa, don haka sai ya yi wata da watanni kafin kan harshensa ya yarda ya kaɗa. Ni kuwa da kaɗawar na tashi. Ku furta sharri ko sirri a hankali, za ku ji ta. Mu ma r biyu gare mu, rubutu ne kawai ba ya nunawa: bara mai yi wa sarki hidima daban, bara ta almajiri daban. Ta almajirin ita ce ta "pero". Wadda ba ta da gurbi a Sifaniyanci ita ce ta ruwa da rana, mai naɗe harshe baya. Ranar da na ɗauki "perro" a Praat, na ga buge-bugen harshena a jere kamar haƙoran mashaci, malamar ta haska hoton a allo don sauran su gani.

Belon nan da ake yi wa ɗiyanmu dariya a kansa fa? A Sifaniyanci b da v sauti ɗaya ne. "Vaca" (saniya) da b ake fara ta, "vino" ma haka. Bafaranshen da ya ɗora haƙora a leɓe ya fito da v ɗinsa, shi aka riƙa gyara wa. Harafin j na "jamón" ko "José" kuwa kusan خ ne na Larabci. Harafin z, da c a gaban e da i, a bakin mutanen Madrid kamar ث suke. Harafin d a tsakanin wasula, kamar a "cada", yakan yi laushi ya kusanci ذ. Yaron da ya gyara karatunsa a makarantar allo ya riga ya mallaki waɗannan uku.

Wani wurin da Hausa ta cece ni shi ne danna gaɓa. A Sifaniyanci kowace kalma tana da gaɓar da ake dannawa, kuma idan ta gusa ma'ana ta gusa. "Hablo" ina magana, "habló" ya yi magana. "Sábana" zanen gado, "sabana" filin ciyawa. "Papá" baba, "papa" dankali ko Fafaroma. Faransanci kullum a ƙarshe yake dannawa, shi ya sa kunnen Bafaranshe yake wahala kafin ya kama wannan. Mu kuwa da karin sauti muke raba baba mahaifi, da baba ƴar'uwar mahaifi, da baba na marina. Danna gaɓa da karin sauti ba abu ɗaya ba ne, amma kunnen da ya saba sauraron hawa da saukar murya ba ya daɗewa kafin ya gane. Dokar rubutun ma mai sauƙi ce: kalmar da ta ƙare da wasali, ko n, ko s, ana danna gaɓar kusa da ƙarshe, sauran kuma ta ƙarshe, wadda ta saɓa wa haka a ɗora mata alama a kai.

Kada a ce na yabi gwanina na ɓoye aibinsa. Akwai wuraren da rariyar Bahaushe take tare hanya. Babba shi ne p da f: "puente" gada ce, "fuente" maɓuɓɓuga. Sai baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, irin "tres" da "blanco", inda bakinmu yake son cusa wasali a tsakani, kamar yadda muka yi wa burodi. Sai kuma sassauta b, d, g a tsakanin wasula, don mu da ƙarfi muke buga su. Amma yadda aka magance waɗannan shi ne darasin da ya fi zauna mini. Madubi aka ba ni. Aka ce p leɓɓa biyu su rufe ruf sannan su buɗe, f kuma haƙoran sama su sauka a leɓen ƙasa iska ta yi ta wucewa. Kafin a nemi in furta, sai da aka horar da kunnena: a karanta kalmomi biyu-biyu, ni kuma in nuna wadda na ji. Babu tsawa, babu dariya. Wanda aka gaya wa inda zai ajiye leɓensa ba ya buƙatar bulala.

A darasin tarihin sautuka ne na ga abin da ya fi ba ni mamaki. Kalmomin Latin da yawa masu farawa da f, a Sifaniyanci f ɗin ta koma h, daga baya ma aka daina furta ta, sai a rubutu. Ku da kuka san Faransanci ku gwada: "farine" da "harina", "fils" da "hijo", "faire" da "hacer", "fourmi" da "hormiga". Ni ɗan Maraɗi da na tashi ina shan hura, ina jin tahi da hwara, sai na ga tafiyar da Sifaniyanci ya yi ɗaruruwan shekaru da suka wuce ita ce bakin kakata yake yi kullum. Su ma suna da nasu cushen wasali. Ba sa iya fara kalma da s da wani baƙi a jere, sai sun sa e a gaba, shi ya sa babban birnin Suwidin ya zama Estocolmo a wurinsu. Abin da ake kira kuskure a bakin yaron Tibiri, a can an rubuta shi a ƙamus.

Ko a tsakanin masu harshen, kusan miliyan 500 da suka tashi da shi, furuci ba ɗaya ba ne. A Madrid "casa" (gida) da "caza" (farauta) sun bambanta. A Meziko, Kuba, tsibiran Kanari da wasu sassan kudancin Sifaniya, furucinsu ɗaya. A Buwenos Aires "calle" (titi) takan fito kamar "kashe". A ajinmu an koya mana duka, aka ce kowa ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kansa. Ma'aunin shi ne a fahimce ka ba tare da wahala ba. Idan ɗan Damagaram da ɗan Tawa suna ciniki lafiya kowa da Hausarsa, don me za mu ce sai yaro ya zama ɗan Paris kafin mu saurari abin da yake faɗi?

Ga inda abin yake da haɗari. Mu da muka yi zamanin sambol, lokacin da ake rataya wa yaro ƙashi ko guntun icce don ya yi Hausa a lekol, mun san abin da kunya take haifarwa. Yaron da aka yi wa dariya sau biyu, ba zai ɗaga hannu na uku ba. Wanda ya daina magana a aji ya daina gwadawa, wanda ya daina gwadawa bakinsa ba zai gyaru ba. Daga nan sai a rubuta a takardarsa cewa ba ya ƙoƙari, alhali shirun da muka koya masa ne yake yi.

Malamai ƴan'uwana, ko Faransanci kuke koyarwa, ko Ingilishi, ko Larabci, ko Espanyol, dabarar ɗaya ce. Ku ɗauki takarda ku jera sautukan harshen a gefe, na Hausa a gefe. Waɗanda yaro ya zo da su daga gida ku gaya masa ya riga ya iya, ku ba shi misali da kalmar Hausa. Waɗanda babu, ba su da yawa, ku ware musu minti 5 a farkon darasi: kunne tukuna, sannan baki. Ɗan madubin kasuwa ya isa kayan aiki. Ku hana dariya a aji, ku fara da kanku.

Iyaye kuma, ku yi wa ɗiyanku Hausa mai kyau, mai tatsuniya da kacici-kacici da karin magana. Ku sa su karya harshe da dare su yi ta tuntuɓe suna dariya tare da ku, don wannan ma horon furuci ne. Ku kula da tajwidinsu. Yaron da ya iya raba kare da ƙare, dafa da dafa kafaɗa, sa da tsa, kunnensa ya riga ya waye, kuma da wannan kunnen zai koyi duk harshen da Allah ya kai shi gare shi. Da tsohuwar zuma ake magani.