Yini guda a Ƙofar Ruwa: Neman wa tsohuwar mota murya

A Kano ba a fid da rai da mota sai Ƙofar Ruwa ta ce ta gaza. Kasuwar tana cikin ƙaramar hukumar Dala, kuma ta ari sunanta ne daga ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa fiye da shekara 800 da suka wuce. Ba ta da nisa da Dutsen Dala, inda maƙeran farko suka riƙa narka tama tun kafin garin ya zama birni. Har yau ƙarfe ne ke mulkin wannan yanki. Rodi da kwanon rufi na gefe guda, a ɗaya gefen kuma injuna da giyabos da ƙofofin motoci ne jibge kamar damman gero bayan kaka. Ƙasar wurin ta yi baƙi saboda baƙin mai, iskarsa na ɗauke da ƙaurin walda, kuma mai tura baro ba ya neman izini kafin ya ratsa ta gabanka.

Abin da ya kai ni ƙarami ne a idon mai neman inji ko giya. Motata tsohuwa ce, 'yar Kwatano, wadda aka ƙera domin kasuwar Amurka, kuma muryarta ta dushe. Idan mai karanta labarai ya yi magana, sai ka ji kamar ya cusa bakinsa a cikin tulu. Mai karatu zai iya cewa a wannan marra, da tsadar mai ta hana mutane da yawa fito da motocinsu tun bayan janye tallafi a watan Mayun 2023, maganar lasifika ai shagali ne. Ina da uzuri. Wanda ke shafe sa'a biyu ko uku kullum a bayan sitiyari, motarsa ce zaurensa. A cikinta yake jin labaran duniya da shirye-shiryen siyasa, a cikinta yake sauraron karatu da tafsiri, kuma muryar rediyo ce ke kore masa gyangyaɗi a doguwar hanya. Tambayata ita ce yadda mai ƙaramin ƙarfi zai gyara wannan zaure ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba.

An yi mini kwatancen rumfar wani dattijo mai wayarin, can cikin wani lungu da mota ba ta shiga sai an janye benci. Rumfar ba ta fi taku huɗu ba. A kan teburinsa akwai batir guda, da lasifika biyu da aka ɗaure a jikin katako, da tarin rediyoyin mota na hannu, waɗanda 'yan kasuwa ke kira 'yan Beljiyam ko da daga wace ƙasa suka fito. Bayan mun gaisa na faɗa masa buƙatata, ban ɓoye masa abin da ke aljihuna ba. Kafin ya taɓa motar sai ya ce: “Malam, me ka fi ji a cikinta?” Na ce: “Baba, labarai da karatu, sai Shata da Ɗan Maraya idan hanya ta miƙe.” Ya gyaɗa kai, ya ce to na huta da sayen wufa.

Dalilinsa ya zauna mini, domin ya yi daidai da abin da masana sauti suka tabbatar. Wufa, wato babbar lasifikar nan da samari ke cika but da ita, aikinta fitar da amo mai kauri na can ƙasa, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Muryar ɗan Adam kuwa a tsakiya take zaune, kuma a tsakiyar ne ake rarrabe harafi da harafi. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kalma ɗaya na iya sauya ma'ana da ɗan hawa ko saukar murya. Haka kalangun Shata yake, magana yake yi, haka kuntigin Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya. Duk waɗannan lasifikar ƙofa ce ke ɗauke da su. Wanda ya zuba kuɗinsa a but alhali murya yake nema, ya sayi girgizar gilashi ne kawai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Da yaronsa ya kwance marfin ƙofar gaba, sai ciwon ya bayyana. Soson da ke zagaye da bakin lasifikar ya ruɓe, yana marmashewa a hannu kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Zafin bazara da ƙurar hunturu ne ke yi masa haka, musamman a motar da ke yini a rana. Ta ɗaya ƙofar kuma wani ya taɓa juya wayoyinta, ya ɗaura ta baya a gaba. Dattijon ya gwada mini da ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5: idan aka haɗa daidai takardar lasifikar tana turowa waje, idan aka juya sai ta shige ciki. Lasifika biyu da ɗaya ke turawa ɗaya ke ja, suna cinye amon juna ne. Wannan gyara ko sisi bai ci ba.

Daga nan ya jera mini yadda ake kashe kuɗi a wannan harka, daga abin da ya fi muhimmanci zuwa wanda za a iya jinkirtawa. Waya ce farko, sai lasifikan gaba, sai rediyo, amfilifaya kuma ita ce ƙarshe ga mai hali. Lasifikan baya ya ce a bar su yadda suke, tunda kunnen direba a gaba yake.

Sabbin kaya sai Sabon Gari, don haka ya haɗa ni da yaron muka hau adaidaita sahu. Idan Ƙofar Ruwa kasuwar tsatsa ce, Sabon Gari kasuwar kwali ce mai ƙyalli. Kowane shago na kunna nasa kiɗan don ya danne na maƙwabcinsa, kuma kowane kwali na ɗauke da lamba mai tsoratarwa. Wannan ya ce wat 1000, wancan ya ce 3000, wasu ma an manna musu sunayen manyan kamfanoni irin su Pioneer da Sony alhali ba su taɓa ganin ƙofar masana'antar ba. A nan yaron ya nuna mini cewa bai zauna a rumfar maigidansa a banza ba. Ya ɗauki wata amfilifaya da aka rubuta wa wat 3000, ya juya ta, ya nuna mini fis ɗinta mai amfiya 20. Lissafin ba ya buƙatar digiri. Mota idan tana aiki wutarta kusan bolt 14 ce. Ka ninka 14 sau 20, ka sami 280. Na'urar da ba za ta iya shan fiye da wat 280 ba kafin fis ɗinta ya ƙone, daga ina za ta fitar da 3000? Lambar gaskiya ita ce wadda ake rubuta RMS a gefenta, yawanci da ƙananan baƙaƙe. Ko rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau huɗu, abin da yake bai wa kowace lasifika a tsaye bai cika wuce wat 20 ba, kuma wannan ya ishi cikin mota.

Wayar ma da nata rufin asirin. Akwai ta jan ƙarfe zalla, akwai ta alminiyam da aka yi wa fenti da jan ƙarfe. A ido duk ɗaya suke. Yaron ya kankare bakin wata da reza, sai ga fari ya bayyana a ciki. Alminiyam bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe ba wajen ɗaukar wuta, yana saurin zafi, yana kuma karyewa a mahaɗa. Muka sayi ta jan ƙarfe duk da ta fi tsada, da lasifika biyu masu faɗin inci shida da rabi, masu om 4 kamar yadda rediyon mota ke buƙata, waɗanda bakinsu roba ne maimakon soso. Mai shagon ya so ya ba mu a rufe, yaron ya ce sai an kunna. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan sana'a ji ne ke korar gani.

Da muka koma Ƙofar Ruwa bayan azahar, sai aka shiga zaɓen rediyo daga cikin na hannu, kuma a nan na ƙaru da abin da ya kamata duk mai sayen na Beljiyam ya sani. Kowace ƙasa da irin zangonta. Tsofaffin rediyoyin da aka yi domin Japan suna kama FM ne daga 76 zuwa 90 kawai, alhali namu tashoshin suna tsakanin 87.5 da 108. Mai irin wannan zai ji Dala FM a kan 88.5, amma Freedom Radio da ke kan 99.5 sai dai ya ji labarinta a bakin mutane. Na Amurka kuma, a zangon AM tsalle goma-goma suke yi, mu kuwa tara-tara ne tsarinmu. Shi ya sa irin rediyon da motata ta zo da shi ba ya iya tsayawa a kan 594, inda aka san Rediyon Najeriya Kaduna, sai dai 590 ko 600. Dattijon ya jona guda uku a batirin teburinsa ɗaya bayan ɗaya, muka zagaya tashoshi, na zaɓi wanda ke da wurin sa filashi da Bluetooth. Wanda rediyonsa ke da lafiya ma ba sai ya canja ba. Akwai 'yar na'urar da ake sokawa a ramin kunna sigari, ta karɓi sauti daga wayar hannu ta aika wa rediyo ta FM, kuma kuɗinta bai kai na lasifika ɗaya ba.

Wajen ɗaurawa ne na ga bambancin gwani da ɗan koyo. Wayar rawaya ta tafi ga wutar da ba ta ɗaukewa, ita ce ke riƙe wa rediyo tashoshin da aka ajiye. Ja ta tafi ga makulli, baƙa ta kama jikin ƙarfen mota bayan an kankare fenti. Masu gaggawa kan murɗe rawaya da ja wuri guda, mai mota ya wayi gari batir ya kwanta bai san dalili ba. Kowace mahaɗa sai da ya narka mata dalma kafin ya naɗe ta. A cikin ƙofofin ya manna guntayen roba inda ƙarfe ke karkarwa. Ya kuma ja kunnena a kan abu guda, ko da wata rana zan ƙara amfilifaya: duk wayar da aka jawo kai tsaye daga batir, a sa mata fis a ƙasa da rabin mita daga kan batirin. Wayar da ba ta da fis, ranar da ta goge ta taɓa ƙarfe, ita kanta ce za ta zama garwashi a ƙarƙashin kafet. Wanda kuma fis ɗinsa ya ƙone ya maye gurbinsa da zaren waya ko takardar sigari, ya ajiye ashana ne kusa da tankin mai. Araha ba ta ado, a nan kuwa tana iya cin mota da abin da ke cikinta.

Da la'asar na fita gwaji a kan titin Katsina. Na wuce Kurna da Rijiyar Lemo cikin cunkoso, sai da na bar kasuwar hatsi ta Dawanau a baya hanya ta buɗe. Ban murɗa ƙara ta kai rabi ba, amma kowace kalma ta mai gabatar da shiri tana fitowa tas, har numfashinsa tsakanin jimloli. Da na sa Ɗan Maraya, tsirkiyar kuntigi ta rabu da muryarsa, kowacce ta tsaya a wurinta. Jimillar abin da na kashe bai kai abin da aka yi mini tayi a kan wufa da amfilifayarta kaɗai ba.

A hanyar dawowa wata mota ta tsaya kusa da ni a cunkoso, lambarta na karkarwa saboda kiɗa, direban kuma bai ji hon ɗin babbar motar da ke bayansa ba. Wannan ma na cikin lissafi. Masana lafiya sun daɗe suna gargaɗin cewa ƙarar da ta kai desibel 85, idan aka yini a cikinta kullum, tana cin kunne sannu a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Direban da bai ji hon ba, bai ji jiniyar motar asibiti ba, bai ji kukan tayarsa ba, haɗari ne ga kansa da waɗanda ya ɗauko. Ga kuma haƙƙin maƙwabci, da mara lafiya, da masu salla a bakin hanya. Ina ganin ƙungiyoyin direbobi da na masu adaidaita sahu sun fi kowa cancantar fara wannan magana da 'ya'yansu, tun kafin hukuma ta fara ta da tara.

Saura ƙorafi guda, kuma ba a kan kasuwar yake ba. Ilimin da na tarar a rumfa mai taku huɗu, na lissafin wuta da sanin zango da tantance waya, shi ne ake karantarwa a kwalejojin fasaha, amma mai shi ba shi da takardar da za ta bambanta shi da wanda ya fara riƙe filaya jiya. Mai mota ba ya gane gwani sai ta hanyar kwatance ko bayan ya yi asara. Da hukumomin koyar da sana'a za su shiga irin waɗannan kasuwanni, su jarraba masu wayarin su ba su shaida, da an rage gobarar motoci, yaran da ke koyo kuma su san inda suka dosa.

Kafin a kai ga haka, shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya san abin da yake saurare kafin ya shiga kasuwa, ya faɗi gaskiyar aljihunsa, ya fara da waya da lasifikan gaba, kada ya biya kuɗin abin da bai ji da kunnensa ba, kuma kada ya bar wurin sai ya ga fis da idonsa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya.