Tubar da ta kusa tafiya a kilo

 Yau zancen tuba muka kawo muku, amma ba wadda malamai ke kiranmu gare ta ranar Juma'a ba. Tamu ta tagulla ce, wannan ƙaton ƙahon da ɗan fanfar ke runguma a layin baya in ana defile, mai baki kamar kwanon wanki. Duk wanda ya taɓa fita kallo ranar 18 ga Disamba ya ji ta, ko da bai san sunanta ba. Ido yana kan mai sanda da masu ganga, alhali wannan "bum, bum" da ke tafiya da ƙafar soja daga cikinta yake fitowa.

A wani ɗakin ajiya nan Maradi aka tono ta, cikin karyayyun kujeru da fasassun ganguna, kayan da suka saura tun zamanin Samariya. Mai sayen tsohon ƙarfe har ya ɗora ta bisa sikeli. Abin da ya taya bai kai kuɗin buhun hatsi ba. Mu ƴan fada ɗaya ne, muna da ɗan asusu, sai muka ciri kuɗi a ciki muka fanshe ta. Ba kowa ya yarda ba. Wasunmu suka ce asusun nan na ranar ciwo ne da ranar suna, ba na gwangwani ba, kuma ba su yi ƙarya ba. Aka tsaya a kan sharaɗi: in ba ta yi kuka ba kafin kaka, a maida ta sikeli, waɗanda suka dage su cika hasarar daga aljihunsu.

Da muka goge bakinta, sai rubutu ya fito: Couesnon, Paris. Masana'anta ce ta Faransa da ta daɗe tana ƙera kayan busa na fanfar. Ita tuba kuwa asalinta Jamus ne. A 1835, a birnin Berlin, Wilhelm Wieprecht, shugaban makaɗan soja, da maƙeri Johann Moritz suka yi rajistar ƙirarta. Irin tamu babba, da za a warware bututunta a miƙe, zai kai mita 5 da rabi. Wannan tsawon ne ke ba ta kaurin murya.

Babu mai gyaran tuba da muka sani a garin nan. Abin da muke da shi tsoho ne guda, tsohon soja da ya yi shekaru yana busa a fanfar, Baba muke ce masa. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce, ya sa hanci ya shinshina, sannan ya ce: "Ɗiyana, wagga aba ba ta son ƙarhi. In kunka sa mata guduma ko awartaki ba ni nan, ku maida ta ga mai kilo." Wallahi rabin aikin da muka yi bayan nan, hana mutane gwada ƙarfinsu ne.

Wanki muka fara. Gidan zanzaro har uku muka fitar, da busasshen ƙadangare. Wani bakanike ya ce a zuba ruwan batir, minti biyar an gama. Baba ya ce a'a, a jiƙa tsamiya. Tsaminta mai sauƙi ne, yana narkar da koren dattin nan ba ya cin ƙarfen, in dai an ɗauraye da ruwa sosai. Akwai kuma ƙananan bututu masu zarewa da ake daidaita murya da su, duk sun kafe. Waɗannan kananzir muka riƙa ɗiga musu safe da yamma, a ɗan ɗumama, a zarga tsumma a ja. Na ƙarshe sai da ya kwana tara kafin ya saki.

Babban ciwonta a gindi yake, inda bututu ya lanƙwasa. Ya loma ciki kamar an zauna a kai. A Turai masu wannan sana'a suna da ƙwallayen ƙarfe girma-girma da suke turawa ciki su tayar da loma. Mu ƙwallon petank muke da shi. Aka liƙa shi a kan sandar ƙarfe, aka kafa sandar a kututture. Maƙerin fari muka kai wa aikin, cikin masu aikin tagulla da azurfa, dangin waɗanda ke ƙera kakakin sarakuna. Shi bai taɓa riƙe tuba ba, amma ya san halin tagulla: in ta sha bugu takan yi tauri har ta tsage, in ta sha wuta sai ta yi laushi. Ya narkar da dalmar mahaɗi, ya cire gindin, ya gasa wurin lomar, ya sa shi bisa ƙwallon yana murzawa yana ɗan taɓawa da gudumar icce. Kwana biyu yana abu ɗaya. Muna zaune muna shayi, haƙurinmu na ƙarewa, shi ko a jikinsa. Da muka ce ya ƙara sumulce wurin, ya ce ya isa haka, kowace murza tana rage kauri. Har yanzu in ka shafa za ka ji ɗan tudu, kuma mu ya yi mana.

Sai jajayen ɗigo-ɗigo da muka gani a siririn bututun da ke kusa da bakin mai busa. Tagulla haɗi ce, jan ƙarfe da tutiya. Danshin numfashi da yawu, in sun daɗe a ciki, suna cinye tutiyar su bar jan ƙarfe mai rauni, yana yoyo ta ƙofofin da ido ba ya gani. Mun gano su kamar yadda mai facin taya ke yi: a toshe babban bakin, a shafa ruwan sabulu, a hura, a duba inda kumfa ke tashi. Wuri huɗu. Mai gyaran radiyatar mota ya yanka ƴan faci na tagulla ya liƙa da dalma. Shi ma sai da aka tsaya a kansa, don wutar da ya saba da ita za ta kwance mahaɗan da ke kusa.

Pisto uku gare ta, waɗanda ake dannawa da yatsu. Kowane in ka danna, yana karkatar da iska ta bi ƙarin bututu, murya ta sauka. Akwai lamba a jikinsu, 1, 2, 3, in ka musanya su iska ba ta wucewa daidai. Tazarar da ke tsakanin pisto da gidansa ba ta kai kaurin gashi ba, shi ya sa wanda ya goge shi da takardar yashi ya kashe shi har abada. Nan mai gyaran keken ɗinki ya yi rana, hannunsa ya saba da ƙananan abubuwa. Ya wanke, ya miƙe waya mai tsalle ta ƙasa, ya sa man keke da aka tsinka da kananzir. Ƴan matasan da ke hana pisto ƙara sun ruɓe, muka yanko sababbi daga tsohuwar hular dara.

Ranar gwaji ana cikin yankan gero. Tuba ba ta da murya tata, leɓen mutum ne ke kaɗawa a cikin ɗan kofin busa, ita ta ƙara masa girma. Mu duka mun gwada, iska kawai, ban da wani da ya fitar da abin da ba ya faɗuwa a shafi. Baba ya karɓa ya ɗora bisa cinya. Muryar da ta fito sai da kofunan shayi suka yi rawa a faranti, awakin maƙwabta suka watse. Ya hau ya sauka sau biyu, ya tsaya yana haki. Haƙoransa na gaba sun zube, numfashin ma ba na da ba ne. Waɗanda suka yi gardamar asusu su suka fara tafi, kodayake ma'ajinmu har gobe yana karanto abin da aka kashe duk ranar taro.

Yanzu yara biyu ke zuwa wurin Baba bayan la'asar, ɗaya ɗan lekol, ɗaya mai koyon ɗinki. Pisto na uku yana ɗan maƙalewa in ƙura ta taso, ga hunturu na tafe, don haka tela na ɗinka mata riga. Kofin busan ma ya lotse a gefe yana cin leɓen yaran. In akwai mai irinsa a ajiye, a Damagaram ne, Tawa ko Yamai, ko wanda ya san wani ɗaki da ake shirin sharewa, don Allah ya yi mana magana kafin mai sikeli ya iso.